Idan Ka Ce Ba Daidai Ba Ne, Nuna Inda Kuskuren Yake

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Imamu Muslim ya ruwaito labarin Mu'awiya ɗan Hakam Assulami, Allah ya ƙara masa yarda. Bai daɗe da musulunta ba, yana bin Annabi (SAW) salla sai wani ya yi atishawa, shi kuwa ya ce masa "yarhamukallah". Nan take aka zuba masa ido. Ya ce, "Wayyo ni, me ya sa kuke kallona?" Sai suka shiga bubbuga cinyoyinsu da hannu. Ya gane so ake ya yi shiru, ya kuma yi, amma bai san laifinsa ba. Da aka sallame, Manzon Allah (SAW) bai tsawata masa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba. Ya gaya masa cewa ita salla maganar mutane ba ta dacewa a cikinta, tasbihi ce da kabbara da karatun Alƙur'ani. Mu'awiya ya ce bai taɓa ganin malamin da ya fi shi iya koyarwa ba, kafinsa ko bayansa. Da yake an sakar masa fuska, a wannan zama ya ci gaba da tambaya a kan bokaye da camfi.

Su Sahabbai salla ce ta ɗaure musu baki. Mu fa, me ya ɗaure mana?

Ɗalibi ya kawo aikinsa, malam ya ja jan biro ya miƙa masa littafi, ko kalma ɗaya babu. Yaron shago ya gama ɗinki, maigida ya kalla ya ce "warware", ya koma kan kekensa. Amarya ta yi girki, yayar miji ta ɗanɗana ta taɓe baki. A majalisa wani ya yi tambaya a kan gyaran salla aka kwashe da dariya, wani ya gwada ba shi amsa aka ce "ba haka ba ne", daga nan kowa ya tsuke. Gobe wannan mai tambaya zai haɗiye tambayarsa ya ci gaba da yin ibada a kan kuskure, alhali Allah ya ce a Suratud Duha, aya ta 10, kada a kyari mai tambaya, kuma malaman tafsiri sun shigar da mai neman ilimi a ciki.

Malaman hadisi sun daɗe da sa wa wannan abu ƙa'ida. Ibnus Salah, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan Hijira, ya kawo a littafinsa Muƙaddima cewa ana karɓar yabon da aka yi wa mai ruwayar hadisi ko ba a jero dalilai ba, amma suka ba a karɓarta sai an bayyana sababinta, domin abin da wani ya ɗauka aibi ne, a wajen wani ba komai ba ne. Ya ba da misali da Shu'uba ɗan Hajjaj. An tambaye shi me ya sa ya bar hadisin wane, ya ce ya gan shi yana sukuwa a kan doki. Shu'uba fa ba ƙaramin mutum ba ne, jigo ne a sanin maruwaita, amma da aka ji dalilin sai aka ga bai kai ya zubar da mutum ba. To ina ga ni da kai? Sau da yawa in aka ce mu faɗi dalilinmu sai mu laluba mu ji wayam: ko dai mutumin ne ba ya kwanta mana, ko ba ɗan ɓangarenmu ba ne, ko mun ga manya sun kushe mun bi sahu. Faɗin dalili yana amfanar wanda aka gyara wa, yana kuma tona wa mai gyaran abin da ke zuciyarsa.

Wani zai ce, ai in ka gaya wa wasu kuskurensu rigima ka saya. Gaskiya ne, akwai su, kuma su ma su ji tsoron Allah, don su ne suke sa masu sani yin gum. Amma mafita a fili take: ka ja shi gefe, ko ka aika wanda yake jin maganarsa, ko ka yi shiru na gaske. Tsaki da harara ba shiru ba ne.

Wani kuma zai kawo hadisin mutumin da ya munana sallarsa, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, ya ce ai sau uku Annabi (SAW) yana cewa "koma ka yi salla, ba ka yi salla ba" ba tare da bayani ba. Haka ne, amma Annabi (SAW) yana zaune a wurin bai tashi ba. Mutumin na cewa bai iya wadda ta fi wannan ba, a koya masa, sai ya bi masa ita tun daga kabbara, karatu, ruku'u da natsuwa, ɗagowa, sujada, har zama tsakanin sujada biyu.