Kafin a zana sababbin tituna, a ƙirga ramukan tsofaffin

Tun da sojojin Sudan, a yaƙin basasar ƙasar, suka koma birnin Madani a Janairun 2025, suka karɓe Khartum a Maris, zancen sake gina ƙasa ya cika bakin kowa. Abin da ke ba ni haushi, duk wanda aka miƙa wa makirufo sai ya hau lissafin sababbin tituna da gadoji da biliyoyin da za a roƙo daga waje. Tsofaffin da muke takawa kullum kuwa, ko oho.

Kwanan baya na hau bas daga Gadarif zuwa Madani, hanyar da 'yan Sin suka shimfiɗa tun shekarun 1970. Direbanmu ya san ramukanta kamar yunwar cikinsa. Tun daga nesa zai rage wuta ya karkata, dattijon da ke gefena ya dafe kujera yana salati. "Baba, yi haƙuri, wannan ramin ya riga ni fara aiki a hanyar nan," in ji shi. Aka yi dariya. Ni dai tunanina, duk wannan sani a kan direba yake kwana.

Alhali adana shi ba tsada. Wayar hannu na da abin auna girgiza, tana da GPS. A ɗaure ta a gaban mota, manhaja ta rubuta inda taya ta faɗa da ƙarfin faɗawar. Bankin Duniya ya taɓa fitar da irinta kyauta, RoadLab. A zuba bayanan a manhajar zana taswira ta QGIS, ita ma kyauta, a haɗa da hotunan kwalbatoci. Injiniya guda da kwamfuta guda sun isa su san inda za a fara toshewa kafin damina. A ƙasar Gadarif wannan ba ƙaramin abu ba ne: baƙar laka ce, da damina ta kumbura, da rani ta tsattsage. Tsagar da bokitin kwalta zai rufe bana, in ruwa ya shige ta, baɗi sai katafila.

Ga kuma lodi. Gwajin da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna in aka ninka nauyin da ke kan tayoyi sau biyu, ɓarnar kan ninku kusan sau 16. Manyan motocin dawa da riɗi masu zuwa tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan fa, wa ke haɗa nauyinsu da lalacewar titin?

Masu cewa babu wuta babu intanet su tambayi mutanen da suka ci suka sha da Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, a tsakiyar yaƙi.

Gaskiyar magana, facin rami ba a yi masa bikin buɗewa, ba ya kawo kwangila mai maiƙo. Kundi irin wannan kuma tonon silili ne, zai nuna inda aka ce an gyara alhali ramin na nan. Shi ya sa nake cewa a ɗora shi a intanet kowa ya gani, kusa da lissafin kuɗin hanya da direbobi ke biya a shingaye. A fara da Gadarif zuwa Madani, bas ɗin na tashi kowace safiya.