Wa ke karanta labarin kafin a tafi lokeshin?

Daren jiya na zauna kallon wani fim mai dogon zango a YouTube, ba zan kama suna ba kar a ce hassada ce. Matar da aka ce tana da ciki wata uku tun zango na ɗaya har yanzu ba ta haihu ba, amma ƙanin mijinta ya gama sakandare ya shiga jami'a har ya fara zuwa zance. Haba jama'a! Cikin giwa ne?

Matsalarmu a Kannywood da an ce edita sai hankali ya tafi kan yaron da ke zaune gaban kwamfuta yana yanka hoto yana ɗora sauti. Wancan aikinsa bayan an gama ɗauka ne. Akwai wani editan tun kafin nan, editan labari, shi takarda ce gonarsa. Ba shi ke rubutawa ba, marubuci ya kawo masa, shi kuma ya zauna da jan biro yana tambaya: me yarinyar nan take so? Me ya sa Alhaji ya yafe mata a shafi na 40 alhali babu abin da ya canza? Wannan fitowar, wato wannan ɗan yankin na fim ɗin, idan an cire ta me za a rasa? Galibi shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, to idan gaisuwar Hajiya da baƙuwarta a falo ta ci shafi huɗu, ina kwana ina gajiya ya yara ya maigida, ka san minti huɗun mai kallo ka cinye da datarsa.

Kuma fa gyara a takarda kuɗin biro ne kawai. In aka kai lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, kafin a gano ramin da ke cikin labarin, ga hayar kyamara, ga man janareta, ga abincin mutum talatin, jaruma kuma tana da wani aikin gobe, sai darakta ya ce a ci gaba kawai ba wanda zai lura. Wallahi muna lura.

Wani zai ce ai akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Kano tun 2001. E, amma su tarbiyya da addini da al'ada suke dubawa, ba aikinsu ba ne su gaya maka labarinka ya yi barci a tsakiya.

Tun fim ɗin Turmin Danya a 1990 muke wannan harka, marubuta kam Allah ya ba mu, da yawansu daga rubutun littafi suka shigo. Sai dai marubuci ba ya ganin ƙeyarsa, kuma a wajenmu ka ce wa mutum fitowa ta bakwai ba ta da amfani sai ya ɗauka raini ne, ya daina amsa sallamarka. Na taɓa yi wa wani abokina haka, sati uku bai ɗaga wayata ba. Da fim ɗin ya fito na duba, fitowar tana nan daram, har ya ƙara mata waƙa.