Ɗan Waken Da Ya Sa Ni A Lalle

A sito ɗin kicin ɗinmu babu gwangwanin da ke faɗin gaskiya. Na Bournvita daddawa ce a ciki, na madara gishiri, robar man shafawa kuwa kanwa. Akwai bokitan fenti jere a bayan ƙofa, ɗaya masara, ɗaya wake, ɗaya kuma har yau ban samu ƙarfin ɓalle murfinsa ba. Mutum ɗaya ce a duniya ta san abin da ke ina, ita ce uwargida, kuma a kanta ta ajiye ilimin.

Ni malamin sakandare ne a nan Gombe, muna zaune a Pantami. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo, na zama masanin tattalin cefane, amma da baki. Duk ranar da uwargida ta ce kuɗin cefane bai isa ba, sai in gyara zama in fara lacca. In ce mata mu da muke garin wake, ta je Tudun Hatsi ta ga yadda ake loda shi a manyan motoci ana tafiya da shi Kudu. In ce gidan da ke da wake da masara da kuka da man gyaɗa, bai kamata abincin darensa ya ci ko sisi ba. Ita dai amsarta ɗaya ce: "To, Malam." Duk magidancin da ya daɗe da aure ya san wannan "to" ɗin ba yarda ba ce, ajiya ce.

Ana cikin tsakiyar hunturu, wata ya yi nisa, albashi bai shigo ba, sai ƙanwarta ta haihu a Bajoga. Dole ta je ta zauna har suna. Ta ce bari ta roƙi Goggo ta gidan da ke jikin namu ta riƙa dafa mana, mu ba ta kayan. Na ce a kan me? Abin da ake yi da hannu biyu da tukunya ɗaya? Ta dube ni, ta gyara goyonta, ta ce, "Wanda ya ce zai iya haɗiye gatari ai sai a riƙe masa ƙota." Ta tafi ta bar ni da yara uku: babbar, wadda muke kira Ummi don sunan mahaifiyata ta ci, ƙannenta kuma na kiranta Adda, sai maza biyu da ba su da aiki a duniya sai tambayar me za a ci.

Daren farko taliya da manja da yaji, wannan ko makaho ya yi. Washegari na ce garau-garau. Na zuba shinkafa da wake a tukunya lokaci ɗaya, saboda ni mutum ne mai son adalci. Shinkafa ta nuna ta wuce nuna ta zama tuwo, wake yana nan da ransa. Yara suka ci suna tsincewa, ba wanda ya yi magana, sai ƙarar haƙora.

Sai na ce to bari in fito da sarki, wato ɗan wake. Duk wanda ya san ƙarshen wata ya san darajarsa. Ba ya neman miya, ba ya neman nama, ba ya aikenka kasuwa. Garin wake ne da garin rogo, wasu su ƙara fulawa, a zuba kuka, a kwaɓa da ruwan kanwa. Kukar ita ce ke ba shi yauƙi ta riƙe shi kada ya watse, kanwa kuma ta sa ya yi laushi ya yi duhun nan nasa. Ruwa ya tafasa sosai, a riƙa gutsura ana jefawa, su nutse su taso, a bar su su ƙara nuna ana lura da kumfa kada ta yi bori, a tsame a ruwan sanyi. A soya man gyaɗa da albasa, a barbaɗa yaji. In da hali a yanka tumatur da dafaffen ƙwai, in babu ma ba wanda zai kai ƙara. Duk wannan na san shi tsaf, domin shekara da shekaru ina kallo daga kan tabarma.

Kafin Ummi ta tafi makarantar dare bayan magariba, ta nuna mini robar garin, an riga an haɗa shi da rogo an niƙa. Ta nuna mini kanwa. Ta ce, "Baba, in nuna maka kuka?" Na ce, "Ke tafi makaranta, ni za a nuna wa kuka?" Fitarta ke da wuya aka ɗauke wuta.

Na shiga sito da fitilar waya a baki. Na buɗe wannan, barkono. Na buɗe wancan, busasshiyar kuɓewa. Can saman kanta, a cikin gwangwanin biskit, na ci karo da leda an ƙulle ta an sake ƙullewa a cikin wata ledar. Na kwance, ga gari kore shar, mai laushi, an tankaɗe shi babu ko tsinke. Na yi murmushi. Na ce wato ga inda ake ɓoye kuka mai kyau ta baƙi, mu ana ba mu ta gama-gari. A lura, mura ce ta toshe mini hanci a makon nan, ko turaren wuta aka kunna a gabana ba zan ji ba. Wannan bayanin na yi shi a wurare da dama daga baya, ba inda aka karɓa.

Na zuba a gari, na tsiyaya ruwan kanwa, na naɗe hannun riga na shiga kwaɓi da hannun dama. Yauƙi bai zo ba. Na ce kukar ce ta yi kaɗan, na ƙara. Shiru. Na sake ƙarawa. Da na ga ledar ta kusa ƙarewa na juye sauran, na ce ai ba gado za a raba da ita ba. Ƙullun ya yi kore mai duhu, na ce wannan ɗan wake zai yi kyau, irin na masu kuɗi.

Ruwa ya fara ƙananan kumfa ke nan sai gas ya yi tari ya mutu. Na aika babban cikin mazan ya jawo murhun gawayi. Kunna gawayi a iskar hunturu da ashana rabin kwali da leda, a hannun yaro ɗan firamare, aiki ne mai cin lokaci. Ni kuma hannuna yana cikin ƙullu har wuyan hannu, na ga in na wanke asara ce, wake da tsada. Sai na zauna a kan turmi, hannun dama a sama yana bushewa, na hagu yana fifita, har aka kira isha'i aka idar.

Da ruwa ya tafasa na fara jefawa. Na farko ya shiga, bai taso ba. Na biyu ya bi shi. Na haska fitila, babu su babu alamarsu, sun narke. Na ce wataƙila sai sun yi yawa suke haɗa kai, na ci gaba da jefawa har kwano ya ƙare. Abin da ya rage a tukunya wani kunu ne mai launin ruwan kududdufi, yana ɓul-ɓul yana kumfa. Ƙaramin cikin mazan ya leƙa ya ce, "Baba, miyar ce wannan? Ina tuwon?"

Ana haka Ummi ta yi sallama. Tun daga zaure ta tsaya, ta ja numfashi, ta ce, "Baba, wa ke ƙunshi a gidan nan?"

Na ce wane irin ƙunshi, ɗan wake nake yi. Ta karɓi fitilar, ta ɗauki ledar da na yar, ta shinshina, ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Baba, lallen Mama ne! Na bikin da za a yi bayan suna!" Kukar kuwa, in ji ta, tana cikin tsohon flas ɗin shayi da ya daina riƙe zafi. Ku gaya mini, wane mai hankali ne zai nemi kuka a flas?

Na wanke hannu. Ƙullu ya fita, launi ya zauna. Na sa omo, na sa toka, na sa lemon tsami, na goga da soson ƙarfe. Daga yatsu har wuyan hannu ruwan goro, farce kuwa ba a magana.

Ummi ba ta ce komai ba. Ta ɗebo garin kwaki ta yayyafa masa ruwa ya ɗan jiƙa, ta daka ƙuli-ƙuli, ta yanka albasa da tumatur ɗaya da ya rage, ta zuba yaji da gishiri da ɗanɗano, ta zagaya da man gyaɗa, ta cakuɗa. Kafin gawayin da na sha wahalar hurawa ya huce, kwaɗo ya haɗu. Muka zauna muka cinye tas, har ana rigimar kankare kwano. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, ko wuta ba ta taɓa ba. Kunun nawa kuwa na fita da shi cikin duhu na juye a bayan gida. Da safe kajin unguwa suka zo suka zagaya shi suka wuce.

Abin da ban sani ba game da lalle shi ne, kwana yake ƙara masa kyau. Da asuba hannuna ya koma ja jawur. Na tura shi cikin aljihun jallabiya na tafi masallaci, amma gaisuwa ba a yin ta da hagu. Ladan ya riƙe hannun bai saki ba, ya juya shi a ƙarƙashin fitila, ya ce, "Malam, ashe abin ya zo? Shi ne ko goro? Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya." Sahun gaba duka suka ce amin. Na fara bayanin kuka da flas, wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce ba komai, kowa da irin dabararsa, shi lokacin da zai ƙara cewa ya yi tafiyar aiki za shi Dukku.

A al'ada saurayi ake sa wa lallen angonci, ba mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu ba. Amma gulma ba ta duba wannan. Uwargida ba ta gari, hannun miji da lalle, lissafi ya fita.

A makaranta kuma da hannun dama ake riƙe alli. Ina ɗaga shi zan rubuta kwanan wata aji ya ɗauki guɗa, 'yan matan baya har da tafi. A ɗakin malamai mata suka kewaye ni suna duba aikin. Ɗaya ta ce wallahi lallen nan mai kyau ne, ya kama, in taimaka in tambayo mata inda aka saya. Wata ta ce sai dai mai ƙunshin ba ta iya zane ba.

Ban san ta wace mota labarin ya bi ba, amma ya riga ni isa Bajoga. La'asar sakaliya ina zaune ina yanka albasa a ƙarƙashin umarnin Ummi, sai ga uwargida da goyo, ko jaka babu, sallamar ma a taƙaice.

"Malam, 'yar wace unguwa ce?"

Na buɗe baki, Ummi ta riga ni. Ta kawo ledar, ta kawo tukunyar da har lokacin gefenta bai fita ba, ta ajiye a gabanta. Uwargida ta dubi leda, ta dubi tukunya, ta dubi hannuna. Ta zauna a bakin rijiya ta yi dariya har jaririn ya farka ya taya ta da kuka. Na ce a raina alhamdulillahi, an wuce wurin.

Ashe ba a wuce ba. Tana share hawaye ta fara ƙirga da yatsu: garin wake mudu guda, kanwa, gawayi, lallen da ta yi saƙonsa ta tankaɗe da hannunta, kuɗin motar zuwa, kuɗin motar komawa gobe, da na ɗan acaɓa daga tasha. Da ta haɗa jimla, ya isa a yi mana shinkafa da miyar kaza, har a miƙa wa maƙwabta. Ta ce, "Wannan shi ne abincin da ba ya cin ko sisi, ko Malam?" Na ce, "To."

Da safe ta koma, ta damƙa kicin a hannun Goggo da Ummi. Sauran kwanakin muka ci faten tsaki da zogale, dambu, tuwon masara miyar kuka ta gaskiya, da ɗan wake wanda ya nutse ya taso kamar yadda Allah ya tsara. Ni aka bar mini sayen gawayi da ɗaukar ruwa.

Ranar suna na je Bajoga da hannu a aljihu. Bayan an shafa fatiha surukina ya kira ni gefe, ya ce in nuna masa. Ya duba gaba ya duba baya, ya gyaɗa kai, ya ce, "Malam, mun ji komai, kuma mu ba ma hana sunna. Amma in ka tashi da gaske, don Allah ka nemo wadda ta iya ɗan wake."