Me ya sa jama'a ba sa yarda da ƙuri'ar raba gardama?

Duk lokacin da gwamnati ta kira ƙuri'ar raba gardama kan sabon kundin tsarin mulki, mutane suka ƙi fita, sai a ji jami'ai suna cewa jama'a ba su waye ba, a ƙara wayar musu da kai. Ni ban yarda da wannan bayanin ba. Mutane sun gani da idonsu, kuma wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

A Nijar, a 2009, kotun tsarin mulki ta ce wa Shugaba Mamadou Tandja shirinsa na tazarce ya saɓa doka. Ya riga ya rushe majalisa, sai ya rushe kotun ma, ya kira ƙuri'a a watan Agusta, aka sanar da cewa sama da kashi 92 cikin ɗari sun amince. A Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da shi. A Gini, Shugaba Alpha Condé ya bi hanyar nan a Maris na 2020, ya samu wa'adi na uku, sojoji suka kama shi a Satumban 2021. Abin da ya fi ci min rai a kundin na Gini shi ne an saka tanade-tanade masu kyau a ciki, kamar hana kaciyar mata da auren ƙananan yara, aka ɗaure su da batun wa'adi a takarda guda. Mai zaɓe yana da amsa ɗaya tak, i ko a'a. In yana son a kare 'yarsa, dole ya haɗa da tsawaita mulkin shugaba. Ta yaya mutum zai ji an nemi shawararsa da gaske?

Shi ya sa adadin waɗanda suka fita ya fi adadin masu cewa i gaya mana gaskiya. A Tunisiya, a Yulin 2022, kundin Shugaba Kais Saied ya samu sama da kashi 94, amma kusan kashi 30 kawai na masu rajista suka kaɗa ƙuri'a. Sauran sun zauna a gida, 'yan adawa sun ƙaurace, kuma babu dokar da ta gindaya mafi ƙarancin fitowa.

Ba ina cewa a daina tambayar jama'a ba. Kenya ta nuna ana iya yi. A 2005 Shugaba Mwai Kibaki ya goyi bayan wani daftari, kimanin kashi 58 suka ce a'a, ya karɓi shan kaye. Rikicin zaɓen 2007 ya biyo baya da asarar rayuka masu yawa, amma da aka dawo da sabon daftari a 2010, bayan doguwar tattaunawa, kusan kashi biyu cikin uku suka amince. Sun fita ne domin sun taɓa ganin a'a ɗinsu ta yi aiki.

Gwamnatin da take son a yarda da ita ta fara da rubutawa ƙarara cewa duk gyaran da ya shafi wa'adi ba zai amfani shugaba mai ci ba. Ta rarraba tambayoyin, ta bar masu cewa a'a su yi gangami a fili, su yi magana a gidan rediyon gwamnati da harsunan da mutane ke ji, sannan ta amince tun kafin ranar zaɓe cewa in fitowa ta gaza rabin masu rajista, kundin ya faɗi.