Nasiha ga Matasan Malamai Kan Shirya Maƙala da Aika Ta Zuwa Mujallar Ilimi

Assalamu alaikum, 'yan uwana ƙananan malaman jami'a da na kwalejoji, da ɗaliban digiri na biyu da na uku. Dukanmu mun san cewa a wannan aiki namu ba a samun ƙarin girma sai da wallafa. A Najeriya kwamitin ƙarin girma na kowace jami'a yana ƙirga maƙalun malami yana ba su maki, a Nijar kuwa takardun malamin Jami'ar Abdou Moumouni sai sun bi ta hannun hukumar CAMES mai tantance malaman jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda aka yanke shawarar kafa ta a Yamai a 1968, hedikwatarta kuma tana Wagadugu. Wannan matsi ne yake sa mutum ya wayi gari saura wata biyu a rufe karɓar takardu, ya ga maƙala biyu sun rage masa, sai ya shiga neman duk inda za a buga masa cikin gaggawa. Abin da nake so mu riƙa tunawa shi ne, murnar ƙarin girma ba ta wuce 'yan makonni, amma maƙalar da aka wallafa da sunanka tana nan a intanet, ɗalibinka zai karanta ta, wanda zai tantance ka ranar da ka nemi kujerar farfesa ma zai karanta ta, kuma ba ka da ikon goge ta.

Ku zaɓi mujalla tun kafin ku kammala rubutu. Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga, to haka ya kamata marubuci ya san wa yake rubuta wa, kalmomi nawa aka yarje masa, kuma wane irin bincike mujallar take karɓa. Ku buɗe fitowarta biyu ko uku na baya-bayan nan ku karanta da idon basira, domin a nan za ku gane irin tambayoyin da editocinta suka damu da su fiye da yadda bayanin manufarta zai nuna muku. Mai nazarin Hausa yana da gidaje nasa na asali, irin su Harsunan Nijeriya da Algaita a Jami'ar Bayero ta Kano, da Harshe a Zariya, da Ɗunɗaye a Sakkwato. Mai nazarin kimiyya ko lafiya ko noma zai iya leƙa dandalin AJOL, wanda aka fara a 1998, yake kuma tattara ɗaruruwan mujallun Afirka wuri guda, kaso mai tsoka daga cikinsu na Najeriya. Ba raini ba ne ka wallafa a gida idan masu karatunka a gida suke. Abin raini shi ne ka guji mujallar gida mai tantancewa ta gaskiya don kawai wata ta saka wa kanta sunan “ta ƙasa da ƙasa” a goshi.

A nan ne babban ramin yake, kuma da yawa daga cikinmu sun faɗa ba da saninsu ba. Akwai mujallun da ba su da wata sana'a sai karɓar kuɗi, suna aiko saƙon imel suna kambama ka da laƙabin da ba ka kai ba, suna yi maka alkawarin bugawa cikin kwana bakwai. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya gwada su, ya kuma bayyana sakamakon a mujallar Science. Ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya a kan wani sinadari da aka ce yana hana ciwon daji yaɗuwa, ya cika ta da kurakuran da duk mai ilimin fannin zai gano a karatun farko, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓe ta, 98 ne kawai suka ƙi. Abin da ya kamata ya taɓa mu a wannan labari shi ne, sunayen marubutan da na cibiyoyin da ya ƙirƙira duk ya yi su ne da kamannin na Afirka, domin babu wanda zai yi mamaki idan ya neme su a intanet bai same su ba. Duk lokacin da ɗayanmu ya zuba aikinsa a irin waɗannan wurare, yana ƙara wa wannan kallo da ake yi mana ƙarfi ne.

Gano su ba ya buƙatar wani dogon ilimi. Jeffrey Beall, ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado da ke Denver, ya shafe shekaru yana tara sunayensu kafin a sauke jerin nasa a farkon 2017, amma ko babu jerinsa alamomin a fili suke. Mujalla guda ta ce tana buga likitanci da adabi da injiniyanci a fitowa ɗaya, adireshinta yana Landan amma asusun da za ka biya yana wata ƙasa dabam, sunayen editocinta kuma idan ka bincika sai ka tarar wasu ba su ma san an saka su ba. Idan ta ce tana cikin Scopus ko DOAJ, wato rumbunan da ke jera mujallun da aka tantance, kada ka yarda da tambarin da ta manna a shafinta. Ka je shafin Scopus ɗin da kanka, ko na DOAJ wanda aka kafa a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, ka saka lambar ISSN ta mujallar, wato lambar shaidarta, ka gani, ka kuma tabbatar adireshin shafin ya yi daidai da wanda kake kai, saboda akwai 'yan damfarar da suke kwaikwayon shafin mujallar kirki sukutum su riƙa karɓar kuɗi da sunanta. Biyan kuɗin wallafa shi kaɗai ba alamar cuta ba ne, domin manyan mujallu ma suna karɓa, har Nature ta sanya Yuro 9,500 a 2021 ga mai son a buɗe maƙalarsa kyauta ga kowa. Bambancin shi ne ta kirki ba ta sayar da hukuncinta, tana bayyana kuɗinta tun farko, da yawa kuma suna rangwame ko yafewa ga wanda ya rubuta ya nema kafin ya aika.

Sai maganar rubutun kansa. Kuskuren da ya fi yawa a wurin wanda ya gama digiri shi ne ya ɗauko babi na huɗu na kundinsa, ya manna masa gabatarwa daga babi na ɗaya, ya ce ya yi maƙala. Kundi an rubuta shi ne don a gamsar da masu jarrabawa cewa ɗalibi ya yi karatu, shi ya sa yake cike da ma'anar kalmomi da tarihin garin da aka yi bincike da bitar duk wanda ya taɓa cewa uffan a kan batun. Edita kuwa tambaya ɗaya yake yi: mene ne sabo a nan? Idan ba za ka iya amsa masa da jimla biyu ba, maƙalar ba ta nuna ba tukuna. Ka tsaya a kan tambaya guda, ka nuna giɓin da magabata suka bari, ka bayyana hanyar da ka bi dalla-dalla yadda wani zai iya maimaitawa, ka faɗi mutum nawa ka tattauna da su ko samfuri nawa ka auna da yadda ka zaɓe su, sannan kada ka ɗora wa sakamakonka nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Wanda ya raba takardun tambayoyi a makarantu uku na ƙaramar hukuma ɗaya ba shi da hurumin yanke hukunci a kan ɗaliban Arewa baki ɗaya. Tsakure kuma a rubuta shi a ƙarshe, a sa masa sakamakon binciken ƙarara, domin sau da yawa shi da take da fitilun kalmomi ne kaɗai edita zai duba kafin ya yanke shawarar tura maƙalar ga masu bita ko mayar da ita.

Game da satar fasaha, na lura an mayar da al'amarin wasan lamba. Mutum zai saka aikinsa a Turnitin, manhajar da ke kwatanta rubutu da na wasu, ya ga kamanceceniya ta yi yawa, sai ya zauna yana musanya kalmomi har lambar ta sauka, ya ce ya tsira. Manhajar tana auna kamannin lafazi ne kawai, ba ta san amana ba, kuma wanda ya ɗauki tunanin wani ya sake masa tufafi bai ambace shi ba, ɓarawo ne ko da lambar ta nuna sifili. Haka wanda ya fassara aikin wani daga Ingilishi ko Larabci zuwa Hausa ya sa sunansa. Kada kuma ku jera a manazarta littafin da ba ku taɓa buɗewa ba. Wannan gargaɗi ya ƙara nauyi yanzu da ake amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, domin suna iya ƙago sunan marubuci da shekara da shafi waɗanda babu su a duniya. Kwamitin COPE mai kula da ɗa'ar wallafa ya bayyana a 2023 cewa irin waɗannan manhajoji ba sa zama marubuta, wanda ya yi amfani da su kuma ya faɗa, alhakin kowace kalma yana wuyansa. A shekarar ce aka janye maƙalu sama da 10,000 a faɗin duniya, mafi yawansu daga mujallun kamfanin Hindawi, kuma sanarwar janyewa tana zama manne da sunan marubuci.

Akwai wata al'ada da muke jin nauyin faɗa wa juna gaskiya a kanta, wato “ka sa sunana, ni ma in sa naka”. Abokai huɗu kowa ya rubuta ɗaya, kowa ya tashi da huɗu. Wani lokaci kuma babba ne ake saka sunansa don girmamawa ko don tsoro, alhali bai karanta ko shafi ɗaya ba, a bar ɗalibin da ya sha rana yana tattara bayanai a ƙarshen layi, ko ma a cire shi gaba ɗaya. Ƙa'idar da kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya shimfiɗa, wadda fannoni da yawa suka ara, ta ce marubuci shi ne wanda ya ba da gudummawa ta haƙiƙa wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutawa ko gyara mai ma'ana, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda zai amsa tambaya idan matsala ta taso, kuma sai duka huɗun sun haɗu. Wanda ya ba da kuɗi ko ya ara maka ɗakin gwaji, wurinsa sashen godiya ne. Na san ƙin saka sunan na gaba da kai ba abu ne mai sauƙi ga ƙaramin malami ba. Mafita ita ce a yi maganar tun ranar da aka fara aiki, cikin ladabi, a raba wa kowa abin da zai yi, a gayyaci babban ya shigo aikin da gaske, ta yadda sunansa zai hau da haƙƙi.

Wanda bincikensa ya shafi mutane ya nemi izinin kwamitin ɗa'a kafin ya fara, ba bayan ya gama ba. Mu da muka san abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da shari'ar da aka shafe shekaru ana yi a kan batun izinin iyaye, bai kamata a tsaya ana roƙonmu a kan wannan ba. Mujallun lafiya na kirki suna tambayar lambar izinin, kuma ba sa karɓar uzuri.

Ranar aikawa, ku bi ƙa'idojin marubuta na mujallar harafi da harafi, tun daga yawan kalmomi har salon madogara, ko APA ne ko Vancouver, manhajar Zotero kuwa kyauta ce kuma tana sauƙaƙa wannan wahala. Idan mujallar tana ɓoye sunan marubuci ga masu bita, ku cire sunayenku daga cikin rubutun da kuma bayanan fayil ɗin. Ku buɗe lambar ORCID, wadda ita ma kyauta ce, domin masu suna Muhammad Sani ko Aisha Abubakar a jami'o'inmu ba sa ƙirguwa, kuma ita ce za ta bambanta aikinku da na takwarorinku. Ku haɗa da gajeriyar wasiƙa ga edita mai faɗin abin da aka gano da dalilin da ya sa ya dace da mujallarsa. Kada ku kuskura ku aika maƙala ɗaya wurare biyu a lokaci guda, domin masanan kowane fanni ba su da yawa, kuma yana yiwuwa mai bita guda ne za a tura wa daga wuraren biyu.

Daga nan sai haƙuri, domin bita ta gaskiya tana cin watanni, masu yin ta kuma galibi ba biyansu ake yi ba. Idan lokacin da mujallar ta ambata ya wuce, babu laifi a tuntuɓi edita da lafazi mai laushi. Idan amsa ta zo da jan gyara mai yawa, kada ku mayar da martani a ranar, saboda zuciya tana tafasa a karatun farko. Neman gyara, komai yawansa, yana nufin ƙofa a buɗe take. Ku kwafe kowace magana ta mai bita, ku amsa ta ɗaya bayan ɗaya, ku nuna shafi da layin da kuka gyara. Inda kuka ga bai fahimce ku ba, ku fara zargin rubutunku kafin ku zargi fahimtarsa, domin idan masani ya ruɗe a wuri, mai karatu na gama-gari zai fi shi ruɗewa. Inda kuka tabbata shi ne ya yi kuskure, musamman mai bita na waje da bai san yanayinmu ba, kuna da damar ƙin gyarawa, amma da hujja da ladabi. Idan kuma an ƙi maƙalar ɗungurungum, ku yi amfani da sharhin ku gyara ta kafin ku tura wata mujallar, kada ku aika ta yadda take.

Bayan an karɓa za a turo muku kwafin dubawa na ƙarshe, yawanci a ba ku kwana biyu ko uku. Ba lokacin sauya hujja ba ne, amma ku duba sunayenku da na jami'arku da alƙaluman jadawali ɗaya bayan ɗaya. Masu rubutu da Hausa, ko masu kawo misalan Hausa a cikin maƙalar Ingilishi, su lura da haruffa masu lanƙwasa, domin wanda ya buga aikinsa da tsofaffin nau'ukan rubutu irin su Rabi'at zai iya tarar da ɗ da ƙ da ɓ sun rikiɗe sun zama baka-biyu da wasu alamomi a kwamfutar maɗaba'a. Ku buga su da tsarin Unicode tun farko, sannan ku bi misalan layi-layi kafin ku mayar wa edita da amincewarku.