Baƙin Bel Na Wata Uku

Kun dai san abin da ya faru da wayata a hanyar Wunti nan cikin Bauchi bayan isha'i, ba sai na maimaita ba. Yara biyu ne, ɗayan ko gemu bai fara ba, suka nuna min abin da suka nuna min, na miƙa har da cajar da ba su tambaya ba. Washegari na rantse sai na koyi faɗa. Mutumin nan mai gyaran waya, wanda har yau yake riƙe da tsohuwar Tecno ɗina, shi ya haɗa ni da Masta. Ya ce mutumin ya yi shekara bakwai a Chana. Sai daga baya na gano Chanar tasa kamfanin 'yan Chana ne masu aikin titi, gadi ya yi musu.

Makarantar wani kango ce can bayan Fadaman Mada. A jikin bango an rubuta da fenti: Taekwondo, Karate, Kung fu, Judo da Ninja. Duk mutum ɗaya ke koyarwa. Fom naira 5,000, kaya 12,000, kowane bel 4,000, kuma telan da ke ɗinka bel ɗin ƙaninsa ne. Ranar farko ya fasa bulo da hannu a gabana, nan take na ciro kuɗi. Da na tsaya na murza ɓarɓashin bulon da yatsa, da na ga yashi ne zalla aka nuna wa siminti daga nesa.

Masta bai taɓa gwabzawa da kowa ba, wai an yi wa hannunsa rajista a wurin 'yan sanda, in ya taɓa mutum sai kotu. In zai ƙirga mana naushi sai ya fara "ichi, ni, san," daga nan ya zarce da "huɗu, biyar, shida." Duk sati biyu ana canza min bel. Wata uku cif na ɗaura baƙi, da takardar shaida mai hoton dodo yana fitar da wuta, fasfo ɗina manne a gefe.

To, ranar Asabar ɗin. Yayata ta ce in kai ɗanta wajen filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda suke atisayen taekwondo. Ba wanda ya ce in sa kayana. Ni na ga ya dace in je in ɗan ba yaran shawara. Har guga na sa uwargida ta yi musu.

Kocin wani siririn dattijo ne mai furfura, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai ba da haƙuri. Yana ganin bel ɗina ya rusuna min, ya kai ni sahun gaba ta hannun dama, wurin manya. Yara wajen talatin a bayana. Ya ce "Charyot!" Kowa ya ƙame, ƙafa haɗe, hannu a gefe. Ni kuwa na buɗe ƙafafu, na duƙa, na kafa faratu irin na damisa, na kwatsa "Os!" da iyakar ƙarfina. Wurin ya yi tsit. Ɗan yayata ya sunkuyar da kai yana kallon yatsunsa.

Kocin ya matso ya ce, "Yallaɓai, dan nawa gare ka?"

Na ce, "Huɗu ne, maza biyu mata biyu, na biyar yana hanya."

Wallahi ban san dan matakin baƙin bel ba ne. Na ɗauka gaisuwa ce yake tambayar iyali. Bawan Allah ya danne dariyarsa har jijiyar wuyansa ta fito, ya ce Allah ya raya, sannan ya nemi ganin takardata. Ya jima yana kallon dodon. Ya ce shi dai a saninsa shaidar baƙin bel a taekwondon da suke yi daga Kukkiwon take fitowa, hedikwatar wasan da ke birnin Seoul na Koriya ta Kudu tun 1972, kuma kowace takarda da lambarta, ana iya duba sunan mutum a intanet. Tawa lambar da ke jiki lambar wayar Masta ce. Ya ce taekwondo na Koriya ne, ƙirgensu "hana, dul, set, net." Ichi-ni-san ɗin nan Japananci ne, na 'yan karate, wadda ta fito daga tsibirin Okinawa. Kung fu kuma na Chana. Wato takardata ƙasa uku ta haɗa a shafi ɗaya, kamar kayan gwanjo.

Da nan aka tsaya da da sauƙi. Amma bakina ya ce, "Ai takarda ba ta faɗa, Koci, a gwada mana."

Ya waiga ya kira wani yaro. Ba zai wuce shekara goma sha uku ba, ƙafafu kamar sillen kara, bel ɗinsa rabi ja rabi baƙi. Ashe irinsa ake ba yaran da suka kai matakin baƙi amma ba su cika shekara 15 ba. Ni a lokacin na ɗauka yadi ne bai isa ba. Aka kawo min rigar kariyar ƙirji, igiyar ta ƙi haɗuwa a baya saboda tumbi, sai da yara biyu suka ja kamar masu ɗaure buhun masara. Aka kifa min hular kwano ta soso. Yaron ya rusuna ya ce, "Baba, a yi min afuwa." Afuwar me? Ko taɓa ni bai yi ba.

Koci ya ce "Shijak!" Na fara abin da Masta ke kira tafin damisa: hannuwa na juyawa a iska, baki na huci, ƙafa na zagaye. Yaron ya tsaya yana ɗan tsalle-tsalle a wuri ɗaya, yana jira in gama, don yaro ne mai tarbiyya. Na kai masa wawura. Abin da na gani na ƙarshe shi ne tafin ƙafarsa. Na gan shi sarai, har filastar da ke babban yatsansa, ta ɗan ɗago a gefe ɗaya. Na tuna har na yi mamakin yadda ƙafar da take ƙasa yanzun nan ta zo daidai kunnena. Sai na ji ɗau. Ba ciwo sosai, ya ma sassauta, daga baya aka gaya min. Amma ƙafafuna suka yanke shawara ba da ni ba, na zauna daɓas, wandon ƙanin Masta ya ce ɓarrr tun daga gaba har baya. Wani ƙaramin yaro ya ce, "Maki uku," don haka ake ba bugun kai. Yaron ya durƙusa kusa da ni yana "Sannu Baba, sannu Baba." Wannan sannun ta fi ƙafar zafi.

Sai na ji murya daga bakin ƙofa: "An kashe! Wallahi an kashe!" kamar a gidan dambe.

Mai raken layinmu ne. Ku gaya min don Allah, me ya kai mai rake filin wasa da ƙarfe takwas na safe? Wa ke shan rake da sassafe? Mutumin da tun azumi yake riƙe min canjin naira 200, kullum "babu canji Alhaji," alhali ina jin aljihunsa. Mutumin da ya taɓa sayar min da rake mai jan ciki, da na mayar ya ce ai irin na Zariya ne haka yake. Shi ne Allah ya tsayar a ƙofa da baronsa. Kafin azahar labari ya isa teburin mai shayi, kuma a bakinsa yaron ya koma ɗan shekara bakwai, ni kuma na suma har an yayyafa min ruwa. Ban suma ba. Zama na yi. Yanzu in na zo wucewa sai ya ɗaga wuƙar fere rake ya ce, "Shago! A gaida na gaba!" Har yaran makarantar allo sun ɗauka.

Kocin dai ya ara min zani na ɗaura, muka zauna a benci. Ya ce in zan shiga wani wuri in fara zuwa kallo kafin in biya, in tambayi malamin wa ya koya masa, in ga ko ɗalibansa na fita gasa suna haɗuwa da na wasu. Shi sai da ya shekara huɗu kafin ya ɗaura baƙi. Ya kawo min zancen Chika Chukwumerije da ya ciyo wa Najeriya tagulla a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, ya ce irin wannan ba a ɓoye yake faɗansa ba, duniya na kallo. Ya dubi gwiwata da tumbina ya ce taekwondo wasan ƙafa ne, ni ƙila judo ta fi dacewa da ni, kamawa ce da kayarwa, kusa da kokawarmu. Wai wani Jigoro Kano ne ya kafa ta a 1882. Na ce ashe ɗan gida ne. Ya ce a'a, Bajapane ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ya ce a judo abin da ake fara koya wa mutum shi ne yadda zai faɗi.

Mai rake daga ƙofa ya ce, "Ai wannan ya sauke."

Na tambayi kocin to in masu wuƙa suka sake tare ni fa? Ya ce in miƙa wayar in kama gabana. Wato abin da na yi a Wunti kyauta.

Na koma kangon ranar Litinin, na tarar an zuba kaji 'yan gidan gona. Wani ya ce Masta ya yi Azare, wani ya ce Alkaleri. Mai gyaran waya ya ce shi ma bashi yake bin sa. Bel ɗin yana nan, uwargida ta ɗaure ƙyauren akurki da shi, ta ce ya fi igiya ƙwari. Judo an ce Talata da Alhamis ne. Wannan Talatar akwai ɗaurin aure, Alhamis kuma zan ga yadda gwiwar ta kwana.