Tumatirin Ka'akiyya da littafin mai bakala

Tun da harajin saye da sayarwa a nan Saudiyya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari a Yulin 2020, albashina ya koyi rasuwa kafin wata ya raba. Ga kuɗin iƙama, wato takardar izinin zama, ga riyal 400 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashina, uwargida da yara. Sai na kafa doka a gida: mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ɗaya za a kunna, kowa ya kwana a falo. Kabsa, wato shinkafa da nama, sai Juma'a, sauran ranaku tamis da ful, wato gurasa da wake.

Akwai kuma littafin bashi na mai bakala, wato kantin kayan masarufi, a layinmu na unguwar Misfala, wani dattijo ɗan Yaman. Shafina ya cika har an juya bayansa. Saboda haka na ƙaurace wa ƙofarsa, ta bayan layi nake zagayawa a tsakiyar ranar Makka, ina gumi ina ce wa kaina motsa jiki nake yi.

Ranar da na kwashi adashi, Maman Abba ta ce, "Baban Abba, ka fara rage wa bawan Allahn nan mana."

Na ce, "Bashi ba ya ruɓewa, araha ce ke wucewa."

Da asuba na faɗa kasuwar Ka'akiyya, na jibgo kwali huɗu na tumatir a farashin sari. Kuɗin mota ya cinye rabin ribar, amma wannan tsakaninmu. Firji ya karɓi kwali ɗaya ya ce ya ƙoshi. Sauran na yanka da hannuna, na shanya a saman bene, in yi kauɗa irin ta gida.

Ashe tantabarun Makka na kallona. Ga shi a cikin Harami ko firgita su ba a yi, kuma sun san da haka. Suka kira dangi aka yi walima. Abin da ba su ci ba suka sa masa hannu, fari fat.

Kwalin firji bai yi nisa ba, don Maman Abba ta rarraba wa maƙwabta, wai kada ya lalace.

Rannan da magariba na makara, na kutsa cikin sahu ban duba ba. Ina sallama ta dama, sai ga gemun mai bakala dab da kafaɗata. Ya riƙe hannuna gam, yana jan carbi da ɗayan.

"Ya Hajji, Abba ya ba ni labarin tantabaru. Allah ya mayar da alheri. Tumatirin gwangwanin da ya karɓa ɗazu, na buɗe maka sabon shafi."